Tsagaita Wuta: Me Ake Nufi, Kuma Ina Iyakarta?

Me ake nufi da tsagaita wuta?

Ana nufin ɓangarorin da ke yaƙi su dakatar da harbe-harbe da kai farmaki, ko na wani lokaci da aka ƙayyade, ko har sai abin da hali ya yi. "Wuta" a nan harbi ne, kamar yadda ake cewa an buɗe wuta ko an yi musayar wuta. Ita kuwa "tsagaita", wanda ya taɓa fakewa ruwan sama ya san ta. In aka ce ruwa ya tsagaita, ba a ce ya ɗauke ba, hadarin na nan yana iya sake kecewa.

Ke nan ba ɗaya suke da sulhu ba?

Ko kusa, kuma a nan ne mutane suke yawan ruɗewa in sun ji labarai. Yarjejeniyar zaman lafiya tana taɓa abin da ya jawo yaƙin ne, ko iyaka, ko mulki, ko diyya. Tsagaita wuta kuwa bakin bindiga kawai take rufewa, sojoji na nan a inda suka ja daga.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya an daina harbi da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba 1918, amma sai 28 ga Yuni 1919 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Versailles da Jamus. Wata bakwai ke nan a tsakani. Ta Koriya ta fi wannan ban mamaki: an sa hannu kan dakatar da faɗa a ƙauyen Panmunjom ranar 27 ga Yuli 1953, Koriya ta Kudu ma ba ta sa nata hannun ba, kuma shekara fiye da 70 ke nan ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba. Wani zirin ƙasa mai faɗin kilomita 4 ne ya raba sojojin Arewa da na Kudu.

Miƙa wuya fa?

Wannan an ci wani ne da yaƙi ya ajiye makamai, kamar yadda Jamus ta yi a Mayu 1945. A tsagaita wuta kowa na riƙe da makaminsa.

Wa ke da ikon ayyana ta?

Yawanci ɓangarorin biyu ne, ta hannun mai shiga tsakani. Wani lokaci ɓangare ɗaya kan sanar da tasa shi kaɗai. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ma yakan ba da umarni, sai dai umarnin ba ya tsayar da harsashi da kansa. Ya zartar da ƙuduri mai lamba 598 kan yaƙin Iran da Iraƙi a Yuli 1987, amma wuta ba ta tsaya ba sai 20 ga Agusta 1988, bayan Iran ta amince.

Me ke sa mai yaƙi ya yarda?

Akwai dalilan jinƙai: a shigar da abinci da magani, a kwashe waɗanda suka ji rauni, a binne gawarwaki, a yi musayar fursunoni. Haka aka yi a Gaza a Nuwamba 2023, lokacin da Katar da Masar suka shiga tsakani aka dakata na mako guda. Amma kada mu yaudari kanmu, sau da yawa wanda harsashi ya kusa ƙare masa ne ya fi ɗokin a dakata, don ya huta ya sake shiri. Shi ya sa wanda yake ganin nasara ta matso yakan yi ta jan ƙafa.

In wani ya karya fa?

Dokokin yaƙi na ƙasa da ƙasa da aka tsara a birnin Hague a 1907 sun ba ɗaya ɓangaren damar janyewa idan karyawar babba ce. Tarihin Musulunci yana da misalin da kowa ya sani. Sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira, ajiye yaƙi ne na shekara 10. Bai kai shekara biyu cikakku ba mutanen ƙabilar Banu Bakr, da taimakon wasu Ƙuraishawa, suka auka wa ƙabilar Khuza'a, ƙawayen Musulmi, abin da ya kai ga buɗe Makka a shekara ta 8.

Matsalar zamaninmu ita ce tantance wanda ya fara, don kowa ɗan'uwansa yake nuna wa yatsa. Wannan ne ya sa ake tura masu sa ido, tun daga ayarin farko da Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika Gabas ta Tsakiya a 1948. A Sudan, inda babu irin waɗannan a fagen daga, an yi ta sanar da tsagaita wuta a 2023, har da wadda aka sa wa hannu a Jidda cikin watan Mayu, mazauna Khartoum kuwa ba su daina jin ƙarar bindiga ba.