Tsaftace daɓen katako a gida

Daɓen katako shi ne ƙasan ɗaki da aka shimfiɗa da allunan itace masu tauri, irin su oak da maple da ake yawan amfani da su a gidajen Amurka da Turai, ko iroko da tik a ƙasashe masu zafi. Tsaftace shi ya sha bamban da wankin siminti ko tayil, domin babban abokin gabansa shi ne ruwa. Katako yana shan danshi ya kumbura. Idan ruwa ya shiga ta tsakanin alluna, gefunansu kan ɗago sama, tsakiyarsu ta lotsa kamar kwale-kwale, kuma idan abin ya yi tsanani, gyaran sai da kafinta da samfefa.

Abin da ake gogewa a zahiri ba itacen ba ne, shafen da ke samansa ne. Yawancin daɓen zamani an rufe shi da foliyuritan, wanda ke zama kamar fata marar shan ruwa. Tsofaffin gidaje kuwa sun fi amfani da mai ko kaki. Ana gane ko katakon a rufe yake da ɗigon ruwa guda a lungu: idan ya tsaya dunƙule, shafen yana nan, idan ya nutse ya bar tabo mai duhu, to katakon a buɗe yake, kada a kusance shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Aikin yau da kullum shara ce da tsintsiya mai laushi ko injin zuƙe ƙura, saboda yashi a ƙarƙashin takalmi yana kankare shafen. Bayan haka a bi shi da tsumma da aka matse sosai, da sabulun da aka yi domin katako, a riƙa bin tsawon allon. Ya kamata wurin ya bushe cikin minti ɗaya ko biyu.

Kashe ƙwayoyin cuta ya fi wuya, kuma a nan ne ake yawan ɓarna. Bilic yana cinye shafen ya kuma kashe launin itacen. Amoniya da ruwan khal suna dusashe ƙyalli, na'urar goge ƙasa da tururi kuwa tana tura danshi cikin katakon. Haɗa bilic da amoniya yana fitar da iska mai guba. Shi ya sa ba a yin wannan aiki kullum, sai inda aka yi amai, ko jini ya zuba, ko dabba ta yi fitsari. A fara kwashe ƙazantar, a wanke, sannan a shafa maganin da aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da rufaffen katako, a bar shi iya mintunan da aka ƙayyade, a tsane. Fitsarin kare ko kyanwa idan ya kwana a kan oak yakan bar baƙin tabo.

Ƙungiyar masu sana'ar daɓen katako ta Amurka, NWFA, tana ba da shawarar danshin iskar ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Idan ya yi ƙasa da haka, kamar yadda hunturu ke yi, alluna kan tsuke su bar 'yan tsagogi da ƙura ke taruwa a ciki.