Midiyawa da Faɗuwar Ninawa: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Duk sanda aka taɓo tarihin Iran sai waɗannan tambayoyi kan Midiyawa, wata tsohuwar al'ummar ƙasar, su dawo. Don Allah a karanta kafin a sake turo su.

Midiyawa Larabawa ne?

A'a. Harshensu ɗan'uwan Farisanci ne. Mazauninsu duwatsun Zagros, a yammacin Iran, babban birninsu kuma Ekbatana, wato Hamadan ta yau.

To su ne Farisawa ke nan?

Ba su ba ne. Dangi ne, maƙwabta. Girkawa ne suka riƙa kiran Farisawa da sunan Midiyawa, ruɗanin ya biyo mu har yau.

Me suka yi da za a damu da su?

Wannan tambaya tana ɓata mini rai. Assuriya, daular da ta razana Gabas ta Tsakiya, ta daɗe tana kai musu hari tana karɓar dawakansu a matsayin haraji. Sai ga sarkin Midiyawa Kiyaksaris ya ci Assur, birnin Assuriyawa, a shekarar 614 kafin Miladiyya, ya ƙulla ƙawance da Nabopolassar sarkin Babila, suka rushe Ninawa, babban birnin Assuriya, a 612. Ninawar nan dai da ake dangantawa da Annabi Yunusa (AS), kufanta na nan a gefen Mosul. Ka san Ninawa amma ba ka san wanda ya rushe ta ba?

Ina rubutun makaranta. In rubuta "daular Midiya" ko kuwa?

Nan sai a hankali. Midiyawa ba su bar mana rubutu da harshensu ba, don haka labarinsu daga bakin wasu muke jin sa. Herodotus, Bagirke marubucin tarihi, ya kawo jerin sarakuna da birni mai ganuwa bakwai, amma ya yi rubutunsa ne kimanin shekara ɗari bayan mulkinsu ya kau. Allunan Assuriyawa kuwa, waɗanda suka yi zamani da su, sarakunan garuruwa barkatai suke ambata, kowa da nasa. A 1988 masaniyar tarihi Heleen Sancisi-Weerdenburg ta fito fili ta tambaya ko an ma taɓa yin daular, masana kuma har yau ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Sai dai a ganina tarkacen ƙauyuka ba sa rushe Ninawa, ba sa kuma kaiwa har tsakiyar Turkiyya ta yau su gwabza da masarautar Lidiya, yaƙin da aka ce husufin rana na 585 kafin Miladiyya ya tsayar. Akwai ƙarfi, akwai jagora. Ko akwai gwamnoni da haraji irin na Farisawa daga baya, wannan ne abin jayayya. Idan malaminka na bin tsohon littafi, rubuta "daula", amma ka ƙara da "kamar yadda Herodotus ya ruwaito". Kada ka ji tsoro, babu malamin kirki da zai rage maka maki a kan haka.

Yaya suka ƙare?

A 550 kafin Miladiyya rundunar sarkinsu Astiyagis ta juya masa baya, ta miƙa shi ga Sairus na Farisa. Ba a shafe su ba: Midiyawa sun ci gaba da riƙe manyan muƙamai da jagorantar runduna a ƙarƙashin Farisawa.

Suna da alaƙa da Majusawa?

E. Herodotus ya lissafa Magi cikin ƙabilunsu shida, kuma daga wannan suna kalmar "Majus" ta fito, wadda ke cikin Suratul Hajji, aya ta 17.