Kulle tsofaffin finafinai

Kulle tsofaffin finafinai dabara ce ta kasuwanci wadda kamfanin da ya mallaki fim ko shirin talabijin kan janye shi daga kasuwa da gangan, alhali ana nemansa, domin ya yi wuyar samu, darajarsa ta tashi kafin a sake fito da shi. Abin ya yi kama da yadda ake sayen hatsi da kaka a ɓoye sai damina. Sai dai masara kan ƙare da gaske, fim kuwa ana kwafarsa ba iyaka. Dokar haƙƙin mallaka ce kawai ke riƙe da makullin.

Tarihi

Kamfanin Disney na Amurka ne ya yi suna da wannan dabara, har ake kiranta "taskar Disney". Fim ɗinsa Snow White na 1937 ya koma silima a 1944, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya toshe masa kasuwannin Turai, kuma ya kawo kuɗi. Daga nan kamfanin ya riƙa maido da manyan finafinansa na zane bayan kimanin shekara bakwai zuwa goma. Lissafin a fili yake: kafin wa'adin ya cika, an samu sabbin yara da ba su taɓa ganin fim ɗin ba, iyayensu kuma sun san shi.

Da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje wajajen tsakiyar shekarun 1980, sai tsarin ya koma kanti. Ana sakin fim na 'yan watanni, a yi ta shelar ranar da zai koma taska, sannan a daina buga shi. Kantuna su sayar da ragowar, na hannu ya yi tsada, wanda ya makara ya jira. Kowane sabon nau'in faifai dalili ne na sake sayar wa mutum abin da yake da shi: kaset, DVD, sai Blu-ray.

A 2019 aka buɗe Disney+, manhajar kallon finafinai ta intanet, aka zuba yawancin waɗannan finafinai a ciki. Amma a shekarar ne Disney ya sayi kamfanin finafinai na Fox, kuma gidajen silima da dama suka koka cewa an daina ba su hayar tsofaffin finafinan Fox ɗin.

Zamanin manhajoji

Yanzu dalilin ya fi karkata ga rage kashe kuɗi. Shirin da ke kan manhaja yana jawo biyan 'yan wasa da marubuta da masu waƙoƙin cikinsa. Idan aka cire shi, ana iya rubuta shi a matsayin asara. A 2022 kamfanin finafinai na Warner Bros. Discovery ya jingine fim ɗin Batgirl bayan an gama ɗaukarsa. A 2023 Disney ya cire gomman shirye-shirye daga manhajojinsa, ya bayyana asarar kusan dala biliyan 1.5. Shirin da ba a taɓa buga shi a faifai ba, ya ɓace ke nan ta halastacciyar hanya.

Kamfanoni na cewa dukiyarsu ce. Masu adana tarihi na cewa al'adar jama'a ce.

A Bauchi da Gombe

Dabarar ba ta taɓa kama ƙasa sosai a nan ba. Faifan jabu, daga baya kuma masu tura finafinai a waya da memori, sun cike duk giɓin da kamfani ya bari.

Ƙarancin da aka fi ji shi ne na finafinan Hausa na shekarun 1990, kuma galibi ba kulle su aka yi ba. Furodusoshi da yawa sun sayar wa 'yan kasuwar Kano da finafinansu, ainihin kaset ɗin ya yi ta sauya hannu. Zafi da ƙurar hunturu da laimar damina suna lalata zaren kaset: ya yi funfuna, ya manne, in aka tilasta shi a na'ura ya tsinke ko ya ɓata kan na'urar. Kafin a juye shi zuwa kwamfuta sai ya bushe, an share funfunar, an nemo na'urar bidiyo mai lafiya. Yawancin abin da ke YouTube kwafin kwafi ne, hoto a dishe, murya na rawa.

Doka

A Najeriya kariyar fim shekara 50 ce daga fitowarsa. A Amurka ta fim ɗin kamfani kan kai shekara 95.