Ɗakin kiwon dodon koɗi a gida

Ɗakin dodon koɗi akwati ne na gilashi, roba ko katako da ake shiryawa domin a ajiye dodon koɗi na tudu a cikin gida, a ciyar da shi, a riƙa kallonsa kamar yadda ake ajiye tantabaru ko kifin ado. Wannan sha'awa ta fi yaɗuwa a Ingila, Rasha da wasu ƙasashen Turai, inda ake sayar da dabbar a shagunan dabbobin gida. Abin da ake kiwon kuwa ɗan Afirka ne, kuma duk dabarar ginin ɗakin ta tsaya a kan kwaikwayon ƙasan kurmin da ya fito: inuwa, laima, ƙasa mai taushi da ruɓaɓɓen ganye.

Ire-iren da ake ajiyewa

Iri uku ne suka fi shahara. Lissachatina fulica asalinsa gabashin Afirka ne, wajajen Kenya da Tanzaniya, kuma shi ya fi bazuwa a duniya saboda juriyarsa. Achatina achatina na kurmin Afirka ta Yamma ne, daga Saliyo zuwa Gana har kudancin Najeriya, katantanwarsa na da zane-zane masu duhu, kuma shi ne mafi girma: wanda aka samo a Saliyo a 1976 ya kai tsawon santimita 39 da nauyin giram 900. Na ukun shi ne Archachatina marginata, wanda Yarabawa ke kira igbin, ake kuma kiwonsa domin ci a kudancin Najeriya. Idan sun samu kulawa sukan rayu shekara 5 zuwa 7, wasu su kusa 10. Kada a haɗa su da ƙananan katantanwa na cikin ruwa masu ɗauke da tsargiya, waɗannan daban suke.

Akwati da murfi

Akwatin gilashi irin na kifi ya fi kyan gani, amma robar ajiyar kaya mai haske ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka da wankewa, kuma tana riƙe laima sosai. Katako yana shan ruwa ya yi fumfuna ya ruɓe, sai dai a shimfiɗa masa leda ta ciki. Ga babban dodon koɗi ɗaya ko biyu, akwati mai tsawon kimanin santimita 60 da faɗin 40 ya wadatar. Faɗi ya fi tsayi amfani. Dabbar na son hawa bango ta rataye a ƙarƙashin murfi, wani lokaci ta sulluɓo, to idan akwatin ya yi zurfi katantanwa na iya tsagewa.

Murfi shi ne wurin da sababbin masu kiwo suka fi yin sake. Mutum ya ga abu na tafiya kamar ba ya tafiya, sai ya ɗora masa kwali ya kwanta, da safe ya tarar da sawun yauƙi a bango. Dodon koɗi yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato, yana ture murfin da ba a ɗaure ba, yana kuma cin takarda da kwali. Ana buƙatar murfi mai maƙalli ko mai nauyi. A jikinsa ake huda ƙananan ramuka da ƙusa mai zafi, ko a yanke taga a liƙa ragar roba irin ta sauro, a goge bakin ramukan don kada su yanki jikinsa mai laushi. A guji wayar jan ƙarfe, domin tana cutar da shi.

Yawan ramukan nan shi ne ainihin gwanintar aikin. Idan sun yi yawa, akwati ya bushe. Idan sun yi kaɗan, iska ta tsaya, fumfuna ta mamaye abinci, ƙananan ƙudaje su cika wurin. Alama mai kyau ita ce a ga ɗan raɓa a jikin bango da safe, ba ruwa na kwarara ba. Gara a fara da ramuka kaɗan a ƙara daga baya, tunda toshewa ta fi hudawa wahala.

Ƙasa da kayan ciki

Ana zuba ƙasa mai zurfin da dabbar za ta iya binne kanta gaba ɗaya, santimita 10 ko fiye ga manya, domin a ciki take hutawa da rana, a ciki take zuba ƙwai. A Turai an fi amfani da niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa. Baƙar ƙasar lambu ma ta yi, muddin ba ta sha takin zamani ko maganin ƙwari ba, kuma masu kiwo a kudancin Najeriya sukan gasa ta a wuta tukuna don kashe ƙwari da ƙwayayensu. Yashi da tsakuwa ba su dace ba. Gwajin laimar ƙasa a hannu ake yinsa: a damƙa, ta dunƙule, amma kada ruwa ya tsiyayo.

A saman ƙasar ake baza busasshen ganye, a kifa rabin ƙwarya ko tukunyar roba ta shuke-shuke a matsayin maɓoya, a jingina reshen itace don hawa. Duwatsu da kwanon tangaran suna ƙawata akwati amma su ne ke fasa katantanwa idan an faɗo a kansu. Mazubin ruwa ya zama marar zurfi ƙwarai, saboda dodon koɗi na tudu da huhu yake numfashi, yana iya nutsewa.

Zafi da laima

Zafin da ya dace yana tsakanin digiri 20 zuwa 28 a ma'aunin Selsiyas, laimar iska kuma kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Baturen Ingila yana fama da sanyi, sai ya liƙa tabarmar lantarki mai ɗumi a gefen akwati, ba a ƙarƙashi ba, don kada ya gasa mai neman sanyi a cikin ƙasa. A Kano ko Zinder matsalar akasin haka ce. Zafin bazara da bushewar hunturu su ne abokan gaba, shi ya sa ake neman ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, a riƙa feshin ruwa safe da yamma. Rana kai tsaye a kan rufaffen akwati tana kashe shi cikin ɗan lokaci. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin ana barinsa ya kwana a buɗe kafin a fesa.

Idan wuri ya bushe, dodon koɗi yakan shige katantanwarsa ya toshe bakin da wata farar fata siririya, ya yi barcin da kan ɗauki makonni ko watanni. Da haka yake tsallake rani a daji. A cikin akwati, ganin wannan fata yana nufin laima ta yi ƙaranci, kuma sau da yawa feshin ruwa mai ɗan ɗumi ya isa ya farkar da shi.

Akwatin da aka ajiye a tsakar gida kan zama abin harin kwarkwasa, ɓeraye da ƙadangaru. Manoman kudu suna ɗora nasu a kan ƙafafu, su tsoma kowace ƙafa cikin gwangwanin ruwa ko baƙin mai.

Abinci

Da dare yake kiwo, don haka da magariba ake zuba masa ganyen gwanda, latas, kokwamba, kabewa, karas ko ayaba, a kwashe ragowar da safe. Katantanwa da sinadarin kalsiyam ake gina ta, saboda haka ba a raba akwati da dakakken ɓawon ƙwai, ko farin ƙashin kifin teku da ake sayarwa don tsuntsaye. Rashinsa na sa katantanwa ta yi laushi, har a ga ɗaya na kankarar ta ɗan'uwansa. Gishiri yana tsotse ruwan jikinsa ya kashe shi, don haka ragowar miya haramiyarsa ce. Albasa, lemon tsami da taliya ma ana nisantar da su.

Ƙwai da doka

Kowane dodon koɗi yana da gaɓoɓin namiji da na mace, don haka duk biyun da aka haɗa kowannensu zai iya yin ƙwai. Archachatina marginata yana zuba manyan ƙwai 'yan kaɗan, amma fulica na iya zuba ɗaruruwa a lokaci guda, sau da yawa a shekara. Mai kiwo yakan tona ƙasa duk mako, ya kwashe ƙwan ya daskarar da su a firiza kwana biyu kafin ya zubar. Wannan aikin ba daɗi, amma bai kamata a tsallake shi ba.

A 1966 wani yaro ya shigo da fulica guda uku birnin Miyami na jihar Fulorida a Amurka daga Hawayi, aka sake su a lambu. Sai da aka kwashe kusan shekara 10 ana yaƙi, aka tsinto fiye da 18,000, aka kashe kimanin dala miliyan 1 kafin a ga bayansu a 1975. Sun sake ɓulla a 2011, ba a gama da su ba sai 2021. Suna cin ɗaruruwan ire-iren tsirrai, har shafen bangon gidaje suke kankara don neman kalsiyam. Amurka ta hana shigo da su ko ajiye su ba tare da izini ba. A Ingila an yarda a ajiye, amma sakinsu a waje laifi ne.

Waɗanda aka kamo daga daji na iya ɗaukar wata tsutsar huhun ɓera mai haddasa wani nau'in sanƙarau ga mutum. Ana wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabbar ko ƙasarta, kafin a taɓa ta kuma a ɗauraye hannu da ruwa zalla, domin sabulu da man shafawa suna ƙona mata jiki.