Karo-karo da ƙananan kamfanonin wallafa: yadda masu zana labari ke fitar da littattafansu

Wane ne ake kira mai zane mai zaman kansa?

A Amurka, inda harkar littattafan labari cikin zane ta yi ƙarfi, manyan kamfanoni irin su Marvel da DC su ne ke da mallakar taurarin da ke cikin littattafansu. Mai zane ya zana, a biya shi kuɗin kowane shafi, amma labarin da tauraron duk na kamfani ne. Mai zaman kansa kuwa shi ke riƙe da haƙƙin abin da ya ƙirƙira, kuma nauyin bugawa da sayarwa yana wuyansa, ko shi kaɗai ko tare da wani ƙaramin kamfanin wallafa.

Abin ya girmi intanet. A 1984 Kevin Eastman da Peter Laird suka buga fitowar farko ta Teenage Mutant Ninja Turtles da kansu, kwafi wajen 3,000, baƙi da fari, da kuɗin harajin da aka mayar wa Eastman da kuma rancen da ya karɓa daga wani ɗan uwansa. A 1992 wasu fitattun masu zane suka bar Marvel suka kafa Image Comics don mallakar aikinsu ta zauna a hannunsu. Wanda ya san yadda marubutan Adabin Kasuwar Kano suka riƙa kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu tun shekarun 1980, sannan su bi 'yan kasuwa suna karɓar ciniki, ya riga ya fahimci rabin zancen.

Yaya karo-karo ta intanet ke aiki?

Mai zane ya buɗe shafi a wani dandali, ya nuna samfurin aikinsa, ya faɗi adadin kuɗin da yake nema da ranar rufewa. Masu sha'awa su yi alkawarin kuɗi, kowa da abin da zai samu: wannan littafin a waya, wancan bugagge, wani kuma bugagge da sa hannun mai zanen.

Dandalin da ya fi suna a wannan harka shi ne Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009. Ƙa'idarsa ita ce ko duka ko babu. Idan ka nemi dala 6,000 aka tara 5,900, ba a cire ko sisi daga katin kowa, kai ma ba ka samun komai. Ba a wuce kwana 60 ana tarawa, kuma yawanci kwana 30 ake sawa, don kuɗin kan shigo ne a kwanakin farko da na ƙarshe, tsakiya kuwa shiru. Idan an cimma adadin, dandalin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa kuɗin kati su ɗauki kashi 3 zuwa 5, sauran ya iso asusun mai zane bayan kamar mako biyu. A Faransa akwai Ulule, wanda masu zane da Faransanci ke amfani da shi sosai. Patreon, da aka kafa a 2013, tsarinsa daban ne: mabiya ne ke biya duk wata, mai zane yana sakin shafuka a hankali.

Wani zai ce ai adashi ne. Ba shi ba ne. A adashi kowa zai kwashi nasa idan zagaye ya zo kansa. A nan mutum ɗaya ne ke kwasa, sauran kuma littafi suke jira.

Da gaske ana tara kuɗi masu yawa?

Ana tarawa. A 2012 Rich Burlew ya tara sama da dala miliyan 1.2 don sake buga littattafansa na The Order of the Stick. Sai dai ya shafe shekaru yana sakin labarin kyauta a intanet kafin ya nemi kuɗin kowa, masu karatunsa na nan a shirye. Dandalin ba ya ƙirƙiro wa mutum masoya, waɗanda yake da su ne kawai yake tattarowa wuri ɗaya. Wanda ya buɗe shafi ba shi da mabiya ko ɗari, yana jiran baƙi su yi tuntuɓe da shi, zai sha zama.

Nawa ya kamata a nema?

A nan mutane suka fi faɗuwa, don haka bari mu zauna a kai. Kuɗin da aka tara ba riba ba ne. Bashi ne, kuma da littafi ake biyan sa, har ƙofar gidan kowane mutum.

Ga lissafi na misali, alƙaluman don nuna hanya ne kawai. A ce littafi ne mai shafi 48, za a buga kwafi 500. Maɗaba'a ta ce dala 2,000. Mai sa kala da mai rubuta maganganu a cikin zanen za su ci 800. Ambulan mai ƙarfi da kwali da salatif, 250. Kuɗin aikawa, 1,800. Jimla 4,850. A ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda kwafin da za su lalace, da saƙon da zai ɓata a hanya a sake aikawa, ya zama 5,335. Tunda dandali da masu kati za su ɗebi kusan kashi 10, sai a raba wannan adadi da 0.9, a samu kusan 5,930. Abin da za a nema ke nan, dala 6,000 a dunƙule. A lura har yanzu ba a sa ladan mai zanen kansa ba, wanda ya yi watanni a kan tebur, ba a kuma sa haraji ba, alhali a ƙasashe da yawa hukuma na kallon kuɗin a matsayin kuɗin shiga.

Kuɗin aikawa shi ne macijin da ke cikin ciyawa. Kada a ƙiyasta shi da ka. A samo littafi mai girma da nauyi irin wanda za a buga, a sa shi cikin ambulan ɗin da za a yi amfani da shi, a kai gidan waya a auna, a tambayi farashin cikin gida da na ƙasashen waje daban-daban. Aika littafi ɗaya zuwa wata nahiya na iya fin kuɗin littafin kansa. Kuma farashin yau ba lallai ya zama na watanni takwas masu zuwa ba, lokacin da littafin zai fito. Saboda haka wasu ke jinkirta karɓar kuɗin aikawa sai littafin ya iso hannu.

Sannan ba duk alkawari ke zama kuɗi ba. Ranar rufewa wasu katunan kan ƙi biya. Kickstarter na ba masu su mako guda su gyara, wanda bai gyara ba sunansa ya fita. Wanda ya tsallake adadinsa da ƙyar zai iya tarar da abin da ya shigo bai kai lissafinsa ba.

Idan kuɗi ya zarce abin da aka nema fa, ba shi ke nan ba?

Wani lokaci nan matsalar ke farawa. Murna ta sa mai zane ya shiga alkawari: idan an kai kaza za a ƙara shafi 20, a yi bango mai tauri, a haɗa da riga da sitika. Shafi 20 aikin wata ɗaya ne ko fiye. Bango mai tauri na ƙara nauyi, nauyi na ƙara kuɗin aikawa a kan kowane kwafi. Riga kuma na zuwa da rigimar girma da ƙanƙanta da wani mai bugawa daban. Ƙarin da ba ya cutarwa shi ne wanda ba ya ƙara nauyi ko aiki, kamar inganta takarda kaɗan ko ƙara wa ma'aikata lada. Kamfanin Iron Circus Comics na C. Spike Trotman da ke Chicago ya yi suna da wannan: idan kuɗi ya haura, sai a ƙara wa masu zanen da suka ba da gudummawa a littafin kuɗi.

Me ya kamata a sani kafin a kai aiki maɗaba'a?

Adadin shafi tukuna. Littafin da ake ɗinkewa da waya a tsakiya dole shafukansa su rabu da huɗu, 24 ko 28 ko 32, domin kowace takarda ɗaya da aka naɗe shafi huɗu ce. Idan ya yi kauri, ya doshi shafi 60 zuwa sama, ɗinkin waya ba ya riƙe shi da kyau, sai a koma manne shi da gam a yi masa ƙeya. A irin wannan a bar sarari a gefen ciki, in ba haka ba ƙeyar za ta haɗiye maganganun.

Girman da aka saba da shi a Amurka inci 6.625 ne a faɗi da 10.25 a tsawo, amma babu dole. Wanda zai buga a inda ake aiki da takardar A4 da A5, gara ya tambayi maɗaba'a girman da ba ya ɓarnar takarda. Duk zanen da zai kai bakin shafi a tsawaita shi milimita 3 bayan layin yanka, don wuƙar maɗaba'a ba ta faɗawa daidai kowane lokaci, kuma idan ta kauce farin layi zai fito a gefe. Shafi mai kala a ajiye shi a ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, zanen baƙin layi zalla kuma 600 ko sama.

Kala ma na yaudara. Fuskar kwamfuta da haske take aiki, tsarin RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, tsarin CMYK. Shuɗi mai walƙiya da kore shar da ake gani a kwamfuta sukan dushe a takarda, wurare masu duhu su ƙara duhu. A juya fayil zuwa CMYK tun da wuri, kuma a nemi samfurin bugu na takarda a riƙe a hannu kafin a ce a buga sauran. Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin dubawa: yawancin salon haruffan da aka ƙera don littattafan zane ba su da ɓ da ɗ da ƙ. A gwada tun kafin a fara, sannan a kulle haruffan cikin fayil ɗin PDF, kada kwamfutar maɗaba'a ta musanya su da akwatuna.

Injin dijital ya fi dacewa da kwafi kaɗan, hamsin zuwa 'yan ɗaruruwa. Injin faranti, wanda sai an haɗa farantin shafukan kafin a soma bugu, yana da tsadar farawa, amma kuɗin kowane kwafi na sauka sosai idan an doshi dubu. Arhar kan ja mutum ya buga dubu biyu alhali masu saye ɗari uku ne, sai katan-katan su cika ɗaki.

To mene ne amfanin ƙaramin kamfanin wallafa, tunda mutum na iya yi da kansa?

Lokaci da hanyar kasuwa. Kamfanin zai duba aikin, ya yi hulɗa da maɗaba'a, ya samo lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi a kasuwa, ya kai littafin shaguna da bukukuwa irin su Small Press Expo da ake yi a jihar Maryland, ko bikin Angoulême na Faransa da aka fara a 1974. Mai zane ya koma kan teburinsa. A madadin haka kasonsa a kowane kwafi ya ragu, domin mai shago kaɗai na ɗaukar kashi 40 zuwa 50 na kuɗin da ke jikin bango, ga dillali, ga kamfanin.

A karanta yarjejeniya da idon basira. Wa ke da mallakar labarin da taurarinsa? Shekara nawa kamfanin zai riƙe izinin bugawa? Idan littafin ya ƙare a kasuwa ba a sake bugawa ba, yaushe izinin zai dawo? Haƙƙin fassara da na fim na hannun wa? Kuma kamfani ma na iya shiga uku ba da laifinsa ba. A Janairun 2025 Diamond Comic Distributors, wanda ya daɗe yana rarraba wa shagunan Amurka littattafai, ya shigar da takardar karayar arziki, ƙananan kamfanoni da dama suka shiga shari'a a kan kayansu da ke ajiye a rumbunansa.

Mai zane da ke Najeriya ko Nijar zai iya amfani da waɗannan dandali?

Bayar da gudummawa ba ta da shinge in dai katin mutum na biya da kuɗin waje. Buɗe shafin neman kuɗi ne ke da sharaɗi: Kickstarter na buƙatar mutum ya kasance mazaunin ɗaya daga ƙasashen da ya lissafa, da asusun banki a can, kuma Najeriya da Nijar ba sa ciki. Roye Okupe, ɗan Najeriyan da ya kafa kamfanin littattafan zane na YouNeek Studios, ya yi amfani da dandalin wajen fitar da littattafansa ne yana zaune a Amurka, daga baya a 2021 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dark Horse. Kamfanin Comic Republic na Legas kuwa ya bi wata hanya, ya riƙa sakin labaransa kyauta a intanet.

Wanda ke gida zai iya ɗaukar dabarar ya bar dandalin. Ya kammala littafin, ya samo farashi a rubuce daga maɗaba'u biyu ko uku, ya sanar da adadin kwafin da ake buƙatar a biya kafin a buga, da ranar da zai mayar wa kowa kuɗinsa idan ba a kai ba. Kuɗin ya zauna a asusu na daban, kada ya haɗu da na cefane. Tunda farashin takarda na bin canjin dala, kada a bar tazara mai tsawo tsakanin karɓar kuɗi da biyan maɗaba'a. Lambar ISBN a Najeriya daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta.

Ni mai karatu ne kawai. Ta yaya zan gane aikin da ya cancanci kuɗina?

Duba ko an gama zanen. Shafin da ya ce an kammala littafi, kuɗin bugawa kawai ake nema, ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanda ya nuna bango mai kyau da shafi uku. Duba ko mutumin ya taɓa tara kuɗi a baya, kuma ko waɗancan sun karɓi kayansu. Jinkirin wata biyu ko uku abu ne da aka saba gani, musamman idan a wata ƙasa aka buga aka ɗoro a jirgin ruwa. Shirun mai zane ne abin tsoro, kuma dandalin ba ya mayar da kuɗi idan aikin ya watse.

Idan za ka bayar, bayar a ranar farko, domin yawan mutanen farko ne ke jawo na baya. Idan kana nesa, zaɓi kwafin waya, wanda kusan duk kuɗinsa na mai zanen ne tunda babu takarda babu aikawa. Idan kuma aka turo takardar tambayar adireshi, cika ta da wuri, tare da lambar wayar da mai kawo saƙo zai same ka.