Me ake nufi da "karɓar kiwo" a wurin tumaki?

Masu turkar raguna sun san wannan takaici. Ka sayo raguna biyu rana ɗaya a kara, ka ɗaure su a rumfa ɗaya, dusa ɗaya, harawa ɗaya, kanwa ɗaya. Bayan wata uku ɗaya ya murje ya yi ɓul-ɓul, ɗayan kuwa haƙarƙarinsa na ƙirguwa, alhali shi ne mai riga kai baki kwano. Sai a ce na farko ya karɓi kiwo, na biyu kuma ci ba ƙiba, asarar hatsi.

Masana kiwo sun mayar da wannan magana lissafi: kilo nawa na abinci dabba ta ci kafin nauyinta ya ƙaru da kilo ɗaya? Ɗan rago mai tasowa da ke samun abinci mai kyau yakan ci kilo 4 zuwa 6. Idan busasshiyar ciyawa ce kawai, lissafin kan haura 10. Kazar gidan gona ta nama kuwa, abincin da take ci kafin ta ƙara kilo ɗaya bai ma kai kilo 2 ba. Sai dai wannan awo yana son kai, domin yana fifita dabba mai saurin girma ko da mai haɗama ce. Shi ya sa a 1963 Robert Koch da abokan aikinsa a Amurka suka kawo wani awon a kan shanu, daga baya aka ɗora shi a kan tumaki. A ƙiyasta abin da ya kamata dabba ta ci bisa nauyinta da girman da take yi, a kwatanta da abin da ta ci a zahiri. Wadda ta ci ƙasa da ƙiyasin, ita ce mai albarka.

To ina sauran abincin yake tafiya? Rago ba ya narkar da harawa da kansa. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinsa ne ke ruɓar da ita, su fitar da wasu sinadarai masu tsami waɗanda ke ba shi kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa. A nan ma akwai ɓarna, don kashi 2 zuwa 12 na ƙarfin abincin kan fice a iskar methane ta hanyar gyatsa.

Abin da ya tsira sai ya bi jini zuwa ƙwayoyin halittar jiki. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan murahu da ake kira mitokondiriya. Su ke ƙona abincin da iskar da rago ya shaƙa, su samar da sinadarin ATP, wanda shi ne kuɗin cefanen jiki. Bugun zuciya da shi, tuƙa da shi, gina tsoka da shi. Amma murhun yana yoyo. Wani kaso na ƙarfin yana zurarewa ya zama zafi ba tare da an sami ATP ba, kuma an ƙiyasta wannan yoyo da kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Ba duka ne asara ba, da shi rago ke riƙe ɗumin jikinsa a wajen digiri 39 na ma'aunin Celsius. Hanta da hanji kuma, duk da ƙanƙantarsu, suna lashe abin da ya kusa rabin ƙarfin. Sai an biya duk waɗannan basussuka ake samun rarar da za ta zama nama. Ragon da murhunsa bai cika yoyo ba, rararsa ta fi yawa, kuma wani ɓangare na wannan hali gado ne.

A ganina dai, kada mai kiwo ya yi saurin ɗora wa mitokondiriya laifi. Balami, Uda ko 'Yankasa, mafi yawan ragunan da ke ci ba sa ƙiba a gidajenmu tsutsar ciki ce ke raba abinci da su, ko ƙishirwa, ko ranar da ke dukansu a turke. Shekaru ma na da tasiri: kitse ya fi tsoka cin ƙarfi nesa ba kusa ba, don tsoka yawancinta ruwa ce. Saboda haka tsohon ragon da ya gama girma, kowane kilon da zai ƙara ya fi na ɗan shekara ɗaya cin buhun dusa.