Kuɗin jami'a a Amurka: wa ke cin rangwamen haraji, uba ko ɗa?

Zuwa ƙarshen watan Janairu na kowace shekara, jami'o'i da kwalejojin Amurka kan aika wa ɗalibansu wata takarda mai lamba 1098-T, wadda ke nuna kuɗin karatun da aka biya makarantar. Yaro kan gan ta ya wuce, don ba sakamakon jarrabawa ba ce. Alhali takardar nan na iya sauƙe wa iyayensa har dala 2,500 daga harajin da za su biya kafin wa'adin 15 ga Afrilu.

Rangwame biyu doka ta tanada. Babban shi ne American Opportunity Tax Credit, wanda ake taƙaitawa da AOTC. Ya zo ne a 2009 cikin dokar farfaɗo da tattalin arziki ta zamanin Obama, ya maye gurbin wani tsohon rangwame na 1997, sannan aka mai da shi na dindindin a 2015. Amfaninsa shi ne daga harajin kansa ake cire shi, dala da dala, ba daga kuɗin shigar da ake lissafa wa haraji ba.

Ga yadda ake lissafin. Dala 2,000 ta farko da aka kashe, a mayar maka da ita gaba ɗaya. Dala 2,000 ta biyu, a ba ka kashi 25 cikin ɗari. Wanda ya kashe 4,000 ya kai ƙarshen abin, wato 2,500, ko da kuɗin makarantar ya kai 40,000. A ce wani magidanci a unguwar Bronx ta birnin New York 'yarsa na shekarar farko, kuɗin karatu da littattafai sun kama 6,000, tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ya ɗauke 3,000. Ragowar 3,000 ita ce abin lissafi, don ba a neman rangwame a kan kuɗin tallafin karatu da aka samu kyauta. Ya samu 2,250 ke nan. In kuwa samunsa bai kai a ɗora masa haraji ba, ba ya tashi hannu rabbana: hukumar haraji ta IRS za ta turo masa kashi 40 cikin ɗari, dala 900. Iyakar abin da ake turowa haka 1,000 ne.

Yanzu ga inda gardama kan tashi a gida. Doka ba ta tambayi wanda ya fitar da kuɗi daga aljihunsa ba. Abin da ta duba shi ne wa ya rubuta ɗalibin a takardar harajinsa a matsayin wanda yake ɗauke da nauyinsa. In uba ya rubuta sunan ɗansa, rangwamen na uban ne shi kaɗai, ko da yaron ne ya yi aikin dare a shago ya biya, ko ya ci bashin karatu da sunansa. Haka in kawu ko kaka ta tura kuɗin kai tsaye zuwa makaranta, ana ɗaukar abin kamar uban ne ya biya. Kawu sai dai lada. Iyayen da suka rabu ma haka, wanda ya rubuta yaron a waccan shekarar shi ke da rangwamen, ba a raba shi biyu. A ganina wannan tsari ya fi sauƙi ga hukuma fiye da yadda ya yi wa yaro mai fafutuka adalci, amma haka yake, kuma ya fi kyau a zauna a yi maganar kafin kowa ya cike takardarsa. In uba da ɗa suka nema a kan kuɗi ɗaya, ɗayansu zai mayar.

Kafin a rubuta ɗalibi haka, galibi sai ya kasance bai cika 24 ba a ƙarshen shekara, yana cikakken karatu aƙalla wata biyar, kuma bai ɗauki fiye da rabin nauyin kansa ba. Zamansa a ɗakin kwanan ɗalibai ba ya hana a ce yana gidan iyayensa. Sai sharaɗin da ya fi shafar mutanenmu: dole yaron ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Wanda ke tura kuɗi Kano ko Damagaram don ɗan da bai da takardun Amurka, ba ya cikin wannan rabon, kuma makarantar ma sai tana cikin waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta amince da su a shirin tallafin ɗalibai.

AOTC na shekaru huɗun farko ne na karatun gaba da sakandare, ga ɗalibin da ke neman digiri ko wata shaida da aka amince da ita, yana ɗaukar aƙalla rabin darussan zango. Kowane ɗa da nasa, mai 'ya'ya biyu a jami'a na iya samun 5,000. Ɗalibin da kotu ta taɓa kamawa da babban laifin miyagun ƙwayoyi ya fita. Kuɗin ɗaki, abinci, mota da inshorar lafiya ba sa shiga, duk da su ne kan karya bayan iyaye.

Rangwame na biyun, Lifetime Learning Credit, shi ne na mai digiri na biyu ko mai ɗaukar darasi ɗaya don ƙara ƙwarewa. Kashi 20 cikin ɗari na dala 10,000 ta farko, iyakarsa 2,000 ga gida gaba ɗaya, ba a ƙayyade yawan shekarun da za a nema ba, kuma in ba a bin ka haraji ba za a turo maka ko sisi ba. Ba a haɗa biyun a kan ɗalibi ɗaya a shekara ɗaya.

Duka biyun suna fara raguwa in samun mutum ya wuce dala 80,000, su ƙare a 90,000. Ga mata da miji da suka haɗa takarda, 160,000 zuwa 180,000. Ma'auratan da kowa ya cike tasa daban ba su da komai. Iyayen da samunsu ya haura iyakar kan iya barin rubuta yaron don ya nema da kansa, amma galibi ba zai samu kason da ake turowa ba, sai dai ragin harajinsa in yana da shi.

Akwai sabon abu. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ce daga harajin shekarar 2026 ba a samun rangwamen sai da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki; lambar biyan haraji ta ITIN da baƙi da dama ke amfani da ita ba za ta isa ba.

Ana nema ne da fom mai lamba 8863. Takardar 1098-T ba ta nuna littattafan da aka saya a waje, ga shi AOTC na lissafa su, don haka a adana rasit. Wanda aka samu ya nema da gangancin ƙin bin ƙa'ida, za a hana shi AOTC shekara biyu. In zamba ce, shekara goma.